Buhun Yashi a Hawa na Uku

"Hawa na nawa ka ce?"

"Na uku..." Tela ya amsa, murya can ƙasa, yana gyara zaman gilashin idonsa da babu abin da ya same shi.

Na ɗaga kai na bi matattakalar benen da kallo. Ga ta nan siririya, ta miƙe ta lanƙwasa ta sake miƙewa, ko mutum biyu ba za su jera a kanta ba. Na dawo da idona kan mutumin da saura 'yan makonni a ɗaura mana aure.

"Kuma har ka biya?"

"Na biya, 'Yar Baba. Ki zo mu hau ki gani mana. Ɗaki biyu ne da falo, ga iska, ga famfo a ciki..."

"Baba fa?"

Ya kau da kai yana kallon benen.

"Da kai nake magana! Baba fa? Fiffike zai yi ya tashi, ko keken guragunsa ne zai koyi hawa bene?"

"Ki ba ni lokaci..."

"Lokacin me? Ƙarshen wata za a fitar mana da kaya waje, ka sani sarai! Abu ɗaya na roƙe ka tun ranar da ka fara tsayawa a ƙofar gidanmu. Na ce duk inda zan zauna, da mahaifina zan zauna. Ka ce ka ji, ka yarda!"

"Har yanzu ina kan maganata."

"A hawa na uku?"

"Ba zan sa ku a ɗakin ƙasa ba," ya ce, ya ƙi haɗa ido da ni. "A garin nan, ba zan iya ba. Ki yi haƙuri, masoyiyata."

Wannan "masoyiyata" ita ta ƙarasa tunzura ni. Na damƙa masa makullin da ya ba ni a tafin hannunsa.

"Riƙe abinka. In benen za ka aura, Allah ya ba ku zaman lafiya!"

Na juya na fice. Sai da na sha kwana na tabbata ba ya hango ni, sannan na jingina da bangon wani shago na yi kukana.

Babana direban jirgin fito ne a da. Kogi ya raba garinmu gida biyu, kuma rabin mutanen garin a jirginsa suka saba tsallakawa. Ƙaton mutum ne, in ya yi magana a wannan gaɓa ana jin sa a waccan. Tun ina ƙarama mahaifiyata ta rasu, bai sake aure ba. Shi ya yi mini kitso na farko, kitson da har yau in na tuna sai na yi dariya. A kafaɗarsa nake zuwa makaranta. Sunan mahaifiyarsa ya sa mini, don haka Mamana yake ce mini.

Wata safiya ya yanke jiki ya faɗi a mashigar jirgi. Da ya farfaɗo, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Tun daga nan sai keken guragu, sai asibiti duk mako wajen gashin ƙashi. Ko sau ɗaya bai sake yarda an kai shi bakin kogi ba, ya ce ba ya son kallon tausayi.

Muna lallaɓawa haka, ni da ɗan albashina na shagon magani, sai mai gidan da muke haya ya sayar da gidan. Wanda ya saya rushewa zai yi ya gina shaguna.

Wanda bai taɓa neman haya a garin nan ba bai san wulaƙanci ba. Ɗakunan ƙasa na unguwannin tudu tun kafin mai ciki ya gama kwashe kaya an kama su, kuɗinsu kuma ba na irinmu ba ne. Abin da ya rage wa talaka biyu ne: ko can ƙololuwar bene, ko ɗakin ƙasa a unguwannin gangare, inda kogi ke shiga duk damina.

Bayan faɗanmu da Tela na koma hannun dillali. Mutum ne mai baki kamar rediyo, ga babur ɗinsa sai an tura yake tashi. Babu lungun da bai kai ni ba.

"Kalli nan, ƙanwata! Sabon fenti fil, ko amarya ba ta kai shi ƙyalli ba!"

Na shafa bangon, sanyi ƙalau. Daidai ƙuguna ga wani layi da fentin ya kasa ɓoyewa, ya zagaye ɗakin kaf. Warin danshi kuwa har cikin ƙwaƙwalwa.

"Ruwa na shiga nan ko?"

"Haba, shiga kuma? Gaisuwa kawai yake kawowa, ba ya kwana!"

"Mahaifina ba ya iya tafiya. In gaisuwar ta zo ina wajen aiki fa?"

Ya sosa ƙeya. "To ai Allah ke tsarewa."

Haka nake dawowa gida kullum, ƙafa a kumbure, zuciya a cunkushe. Hadari kuma ya fara haɗuwa ta gabas, kogi ya fara canza launi. Tela bai zo ba, sai dai kullum ya turo saƙo a waya: ya jikin Baba? Ni kuma in karanta in kife wayar. Sau biyu na bi ta gaban shagon ɗinkinsa da safe na tarar da shi a rufe. Na ce a raina, lallai mutumin nan ya sami hanyar zamewa ne kawai.

Ana cikin haka Gwaggo, ƙanwar Baba, ta dira daga garinsu mai nisa. Ko mayafi ba ta cire ba ta fara.

"Ke wace irin yarinya ce? Kin sami miji za ki kore shi a kan bene? Yaya zai bi ni, magana ta ƙare. Ina da ɗaki a tsakar gida, ba hawa ba sauka."

"Gwaggo, asibiti fa? Garinku ko mai gashin ƙashi babu."

"Kafin a yi asibiti mutane ba sa rayuwa ne?"

Na juya wajen Baba ina jiran ya daka mata tsawa kamar yadda ya saba, don shi da Gwaggo ba sa iya zaman awa guda ba su yi cacar baki ba. Sai na ga ya sunkuyar da kai yana murza hannunsa marar lafiya.

"Gaskiyarta, Mamana. Ni ma ina kewar can."

"Baba, ba gaskiya ba ne! Kai da ka ce ko gawarka kada a kai..."

"Na canza shawara."

Na durƙusa na riƙe ƙafafunsa. "Na fasa auren, Baba. Wallahi na fasa! Zan kama ɗakin gangaren, in ruwa ya zo ni zan fitar da kai. In ya so in bar aikin!"

"Ki bar aiki mu ci me?" Ya ɗago kai ya dube ni. "Saurara ki ji. Na raine ki ne don ki yi gidanki, ba don ki tsufa kina wanke mini zani ba. In kika fasa aurenki saboda ni, kin kashe ni da raina."

Ya murza kekensa da hannu ɗaya ya juya mini baya. Na ga kafaɗunsa suna girgiza. Tunda nake ban taɓa ganin Baba ya yi kuka ba, ko ranar da ya farka ya ga hannunsa ba ya motsi.

Gwaggo ta yi magana da mai mota, aka sa ranar tafiya. Ni kuwa na zama kamar wadda aka zare wa laka. Ga miji zan rasa, ga uba zan rasa, kuma duk a kan ɗakin kwana. In na zo sallah addu'ata ɗaya ce: Allah ka ba ni ɗaki, ko da kamar akurki ne, in dai ruwa ba ya shiga.

Ana jibi tafiyar ina tsaye a shagon magani, jikina a nan hankalina a gida, wata mata mai jiki ta shigo tana fifita da gefen mayafi.

"'Yan mata, ba ni man zafi da bandeji. Mai ƙarfi fa!"

"Yaro ne ko babba?"

"Babba ne, amma hankalin yara gare shi. Sabon maƙwabcinmu ne, ya kama hawa na uku a gidan da muke. Wani siririn tela, iska mai ƙarfi ma za ta iya tafiya da shi."

Hannuna ya tsaya cak a kan kantar shagon.

"Me ya same shi?"

"Ke dai bari! Tunda ya karɓi makulli ko tabarma bai kawo ba, sai wani buhun yashi. Kullum da sassafe ya goya shi da zani kamar jariri, ya hau, ya sauko, ya sake hawa. Da rabin buhu ya fara, kullum sai ya ƙara kwano guda. Maigidana ya ce ko dai aljanu ne, ni na ce ko ɗan dambe yake son zama. Har magana yake wa buhun fa! Sai ki ji yana cewa, sannu, riƙe ni da kyau, mun kusa. To yau dai ƙafa ta zame, shi da buhun suka gangaro..."

Ban ji ƙarshen zancen ba. Na fizgi man zafin da bandejin, na ce wa abokiyar aikina ta riƙe shago, na fita a guje. Matar tana ta ƙwala mini kira wai ban karɓi kuɗi ba.

A kan matattakala na same shi, tsakanin hawa na biyu da na uku. Buhun ya fashe, yashi ya watsu ko'ina. Yana zaune ya naɗe wando, gwiwarsa ta ɗaye tana jini, gilashinsa ya tsage ta gefe guda. Abin da ya ƙara karya mini zuciya, allura da zare ne a hannunsa, yana ɗinke buhun.

Ya ɗago ya gan ni, ya yi sauri zai ɓoye buhun a bayansa, kamar buhu abin ɓoyewa ne.

"'Yar Baba... me ya kawo ki?"

"Mene ne wannan?"

"Yashi ne."

"Na ga yashi ne! Na ce mene ne wannan?"

Ya ajiye allurar. "Baba ne," ya ce a hankali. "Ai saura kaɗan in kai nauyinsa. Jiya na kai har sama ban tsaya ba, yau ne na yi garaje."

Na zauna kan yashin kusa da shi.

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba? Ka bar ni ina yawo gari kamar mahaukaciya! Ka bar ni ina zaginka a raina!"

"Kalle ni fa." Ya ɗaga siraran hannayensa. "Da a ranar na ce miki ni zan riƙa goya Baba, me za ki ce?"

Dariya zan yi masa, ni ma na sani.

"Ban so in yi miki alkawari da baki, bayana ya zo ya ƙaryata ni. Na ce sai na tabbata tukuna."

"To me ya hana ka kama ɗakin ƙasa kamar kowa?"

Ya sauke ido kan gwiwarsa.

"Kin san ciwon ƙirji ne ya kashe Innata. Abin da ban faɗa miki ba, a ɗakin gangare muke. Duk damina ruwa ya shiga, mu kwashe, mu shanya katifa, mu koma. Bangon bai taɓa bushewa ba. Tari ya kama ta, tana yi tana cewa ba komai, har ya tafi da ita. Ranar da na fara zuwa gaishe da Baba na ji ya yi tari sau ɗaya, sai da gabana ya faɗi." Ya goge ido da bayan hannu. "Na yi yawon tudu har takalmina ya tsinke, ban samu ba. Nan ne kaɗai ruwa ba zai same ku ba. Gara bayana ya karye da in sake jin tarin nan a gidana."

Na fashe da kuka, irin mai shessheƙa, ban damu da maƙwabtan da suka leƙo ba. Ina kuka ina wanke masa ciwo, ina naɗa bandeji ina masifa.

"Wawa kawai... wawan tela! In ka mutu a kan bene wa zan aura?"

"Au, auren yana nan?"

"Yi mini shiru!"

Amma saura Baba. Da na kwashe labarin na faɗa masa, fuskarsa ta haɗe kamar hadari.

"Surukina ya goya ni? Ni? A gaban mutane, kamar yaron goye? Allah ya kiyaye! Gobe in zauna da wane ido in kalle shi?"

Na yi roƙo, na yi magiya, ya ce ko kusa. Ranar tafiya ta zo, mai mota ya iso, Gwaggo ta sa aka ɗaure jakar Baba a sama. Ina tsaye a ƙofar gida idanuna sun kumbura, sai ga Tela yana ɗingishi, da zani a kafaɗa. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe da Baba.

"Baba, ban zo hana ka tafiya ba. Alfarma ɗaya nake nema. Gidan a kan hanyarku yake, ka hau ka sa masa albarka kafin ka wuce."

"Daga ƙasa ma albarka tana hawa."

"Haka ne." Tela ya gyara zanin da ke kafaɗarsa. "Sai dai daga tagar falon ana ganin mashigar jirgin fito gaba ɗaya. Mai kallo yana ganin kowa, shi kuwa ba mai ganinsa."

Na kalli Baba. Na ga hannunsa mai lafiya ya damƙe ƙarfen keken.

"Yaya, rana tana yi," in ji Gwaggo.

"Rana taki ce?" ya daka mata tsawa. Ya juya ga mai mota. "Bi ta can. Minti biyar, ba ƙari."

A gindin matattakalar Tela ya cire gilashinsa ya ba ni, ya juya ya durƙusa a gaban keken. Ni da mai mota muka ɗaga Baba muka ɗora masa, na ɗaure zanin tamau. Da ya yunƙura zai miƙe, na ji ƙashin gwiwarsa ya yi ƙara. Na toshe bakina.

Ya miƙe.

Hawa na farko lafiya lau. A na biyu numfashinsa ya fara fita da ƙarfi, gumi ya jiƙe masa riga, bandejin gwiwarsa ya fara yin ja. Ina biye da su na ware hannuwa, kamar ni zan iya tare su in sun faɗo. Gwaggo tana ƙasa tana ta salati.

Daidai inda ya faɗi rannan ƙafarsa ta soma karkarwa. Ya tsaya, ya dafa bango.

"Sauke ni, yaro," in ji Baba. "Ka yi iya ƙoƙarinka."

"A'a, Baba... riƙe ni da kyau... mun kusa."

"Telana, don Allah..." na faɗa, murya ba ta fita.

Sai na ji wata murya da na shekara biyu ban ji ba, muryar da ake ji daga ɗaya gaɓar.

"To ka daina kallon ƙafarka! Kalli inda za ka! Karkata dama, nauyina a hagu yake. Yawwa! Kada ka yi gaggawa, ja numfashi... tafi! Haka! Ƙara ɗaya!"

Da umarnin Baba suka ƙarasa, shi yana tuƙi, Tela yana ja. A falo muka zaunar da Baba kan wata kujerar roba da maƙwabciyar nan ta miƙo, Tela kuwa ya baje a ƙasa yana haki kamar wanda aka tsamo daga ruwa.

Na buɗe taga.

Ga kogin nan shimfiɗe, ya cika ya yi jajir, rana tana wasa a kansa. Jirgin fito ya baro ɗaya gaɓar cike da mutane da babura. Baba ya zuba masa ido, leɓɓansa suna motsi, hawaye suna bin gemunsa bai ko share ba. Can jirgin ya kusa mashiga.

"Kai! Wane sakarai ne ke tuƙin nan?" Baba ya fashe da faɗa. "Ruwa ya cika haka za ka shigo kai tsaye? Ka hau sama ka bar shi ya kawo ka mana! Kalle shi don Allah, kalli yadda ya bugi gaɓa!"

Daga ƙasa mai mota ya danna oda, muryar Gwaggo ta biyo baya. "Yaya! Minti biyar ɗin ta cika!"

Na kalli Baba, shi kuma ya sauke ido kan Tela da ke kwance, ya kalli jinin da ke gwiwarsa, ya daɗe yana kallo.

"Duk mako fa ake zuwa asibiti, ɗana."

"Na sani, Baba."

"Sauka da hawa."

"Na sani. Kafin biki a shago zan riƙa kwana, amma duk ranar asibiti da sassafe za ka gan ni."

Baba ya miƙa hannunsa mai lafiya ya dafa masa kai. Na ga Tela ya rufe ido yana kuka marar sauti.

"Mamana."

"Na'am, Baba."

"Leƙa ki ce wa gwaggonki a kwance mini jakata." Ya ja hanci, ya mai da kallonsa ga kogi. "Sannan daga yau ki rage mini abinci. Ba zan karya miki miji tun kafin a ɗaura ba."